Ina ya fi dacewa a ɗaura sifikun baya a tsohuwar jif?

Mai Prado daga Mabera:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sauti a cikin mota. Ina da tsohuwar Prado ƙirar 1998 mai ƙofa biyar, irin wadda ake naɗe kujerunta na can baya a jingina su da gilashin gefe. Na canza mata rediyo zuwa Pioneer mai layin sifika huɗu, na kuma sa sababbin sifiku a ƙofofin gaba, kuma ta wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi. Matsalar tana baya, domin sifikun da ke ƙofofin baya sun gama yayinsu: ɗaya ba ta magana ko kaɗan, ɗayar kuma da an ƙara murya sai ta kama karkarwa. Idan muka ɗauki hanyar Tambuwal da iyali, na baya suna ta cewa a ƙara, ni kuwa da ke gaba kunnuwana sun riga sun cika.

Na tuntuɓi mutane, kowa da abin da ya faɗa mini. Wani ya ce in mayar da sababbi a gurbin tsofaffin cikin ƙofa. Wani ya ce ƙofa ɓata kuɗi ce, in yanke bangon robar da ke gefen but in dasa manya masu inci 6 da 9. Wani kuma ya ce kada in yanke komai, in sa kafinta ya haɗa mini akwatuna biyu in ajiye a but. Tun da abin da aka yanke ba ya komawa, na ga ya fi kyau in ji ta bakinku kafin a sa wa motar wuƙa. Abin da muka fi saurara shi ne karatun Alƙur'ani da tafsiri da labaran Rediyon Rima, sai kuma kiɗan gargajiya jefi-jefi.

Mai rewaya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi daidai da ka faɗi abin da kuke saurara da kuma waɗanda ke ƙorafi, domin amsar tana nan. Mafi yawan shawarwarin da ake bayarwa kan sifikun baya an gina su ne a kan direba shi kaɗai a mota, wanda yake son sautin gaba ya samu ɗan cikowa daga baya. Taka motar ba haka take ba. Kana da mutane a baya waɗanda suke son su ji magana sarai, saboda haka sifikun nasu ne, ba naka ba.

Shawarata ita ce ka koma ƙofa. Kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya bar gurbi a wurin, ya ja waya, ya sa raga, kuma cikin ƙofar da kansa yana aiki a matsayin akwati ga sifikar. Abin da za ka kula da shi kafin ka sayi komai shi ne awo. Ka sa a cire bangon ƙofar, a sauke gilashi har ƙasa, sannan a auna faɗin ramin da kuma zurfinsa daga bakin ƙarfe zuwa gilashin. Sababbin sifiku suna zuwa da maganaɗisu mai kauri fiye da na asali, kuma na sha ganin motar da aka ɗaure wa sifika gilashi yana sama, mai ita ya biya ya tafi, sai da ya zo sauke gilashi ya ji ya daki wani abu ya tsaya a rabi. Idan zurfin bai isa ba, ana yanka zobe a sa tsakanin sifikar da ƙarfen ƙofa don a turo ta waje kaɗan, muddin bangon ƙofar zai koma ya rufu ba tare da ya taɓa faifanta ba.

Kafin ma haka, a duba wadda ka ce ba ta magana. A irin waɗannan motoci da suka haura shekara ashirin, wayar da ke bi ta cikin robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da ginshiƙi takan karye a ciki saboda buɗewa da rufewa. Idan a nan ne ta tsinke, ko ka sa sabuwar sifika shiru za ka ji.

Ɗalibin injiniya daga Gidan Igwai:

Ina girmama Oga mai rewaya, amma a ganina ƙofa ba za ta ba Alhaji abin da kuɗinsa ya cancanta ba. Sifikar ƙofar baya tana ƙasa ne, daidai da ƙwaurin mai zama, kuma da zarar mutum uku sun zauna a kujerar tsakiya, ƙafafu da manyan riguna sun toshe ta. Ga shi kuma jif ba ta da faifan nan na bayan kujera da ƙananan motoci suke da shi, inda ake kwantar da sifika tana fuskantar gilashin baya, but ɗin ya zama akwatinta. Abin da ya fi kusa da wannan a jif shi ne akwatin katako. Sifika mai inci 6 da 9 tana da faɗin faifai fiye da mai inci 6 da rabi, don haka tana tura iska da yawa, amonta ya fi kauri. A haɗa akwati biyu rufaffu, a ajiye ɗaya a kowace kusurwar but suna kallon gaba. Ba a yanke komai ba, kuma ranar da Alhaji zai sayar da motar sai ya ɗauke kayansa.

Direban hanyar Illela:

Ƙanena, ka taɓa loda wa jif kaya kuwa? But ɗin da kake cewa a ajiye akwati a cikinsa shi ne wurin buhun shinkafa da albasa da jarkar mai da akwatunan tufafin biki. Motar Alhaji kuma ya ce tana da kujerun can baya, waɗanda idan an sauke su abin da ya rage tsakaninsu da ƙofar baya bai taka kara ya karya ba. Na yi amfani da irin akwatunan nan a wata Pajero da na tuƙa, kuma ƙarshensu ƙarfen wani kaya ne ya huda faifan ɗaya, ɗayan kuma wayarsa ta riƙa tsinkewa duk lokacin da aka ja buhu.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Akwatin da ba a ɗaure ba, ranar da ka taka birki da ƙarfi saboda raƙumi ko ɗan acaɓa ya faɗo maka titi, gaba zai taho da duk nauyinsa, kuma kawunan yara ne a gabansa. Duk wanda ya ce lallai sai akwati, to ya ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen mota, ba da igiyar roba ba. Idan kuwa za a huda ƙarfe a ɗaure, to maganar cewa ba a taɓa motar ba ta faɗi.

Ɗalibin injiniya daga Gidan Igwai:

Na karɓi maganar ɗaurewa, Baba direba. Amma akwai ƙugiyoyin ɗaure kaya a daɓen but na irin waɗannan motoci da dama, kuma ana iya kama akwatin a jikin notinsu ba tare da sabon huji ba.

Malamin kimiyya daga Runjin Sambo:

Ku ba ni dama in ɗan shiga tsakani, domin ina ganin Oga mai rewaya da ɗalibinmu kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, kuma idan aka fahimci yadda sauti yake tafiya za a ga inda kowannensu ya dace.

Faifan sifika idan ya tura iska ta gaba, a daidai lokacin yana janye iska ta baya. Idan ba a raba gabansa da bayansa da wani shamaki ba, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin ta baya, su kashe juna. Wannan ya fi shafar amo mai kauri, saboda zangonsa dogo ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, a zafinmu na Sakkwato ma ya ɗan fi haka, don haka amon da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa zangonsa ya haura mita uku, kuma zagaye faifai mai faɗin tafin hannu ba komai ba ne a wurinsa. Shi ya sa sifikar da aka rataya a fili, ko aka ɗaura a jikin roba mai sako-sako da ramuka a gefe, take fitar da sauti siriri maras jiki, ko da kuwa mai tsada ce. A nan ɗalibinmu ya yi gaskiya, akwati rufaffe yana magance wannan. Ƙofa ma tana magancewa, idan an toshe tsakanin bakin sifikar da ƙarfe da kyau.

Sai dai Alhaji bai ce kauri yake nema ba. Ya ce mutanensa ba sa jin magana. Abin da ke sa kunne ya rarrabe baƙaƙe, ya bambanta sinun da shinun a bakin mai karatu, yana cikin siririn amo ne, wajen kaɗawa 2,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa da abin da ya yi sama. Zangon wannan amo 'yan santimitoci ne, ba ya iya zagaye abu, miƙewa yake yi ya tafi inda aka fuskantar da shi, kuma soson kujera da tufafi suna shanye shi. Amo mai kauri ka ajiye shi ko'ina a mota za a ji, da wuya ma kunne ya gane daga ina yake fitowa. Siririn kuwa sai kunne yana ganin sifikar, idan na iya faɗin haka. Akwatin da ke daɓen but yana kallon bayan kujera zai ba ka gurnani, amma baƙaƙen za su mutu a cikin soson kujerar kafin su kai ga kowa.

Saboda haka tambayar da ya kamata a yi a kan kowane wuri ita ce: daga nan, akwai miƙaƙƙiyar hanya zuwa kunnen mai zama, ko akwai abin da ya tare? Ƙofar baya tana da rabin hanya zuwa kujerar tsakiya, musamman ga na bakin ƙofa. Zuwa kujerun can baya kuwa ba ta da hanya ko kaɗan.

Hajiya daga Arkilla:

Malam, Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da na daɗe ina ji ban san sunansa ba. Ku maza kuna gaba riƙe da sitiyari kuna yanke hukunci kan yadda sauti yake a baya, alhali ba ku taɓa zama can ba. Motar maigidana irin ta Alhaji ce, kuma idan za mu Wurno ko Achida ni da yara ne a can ƙarshe. Abin da ke isowa wurinmu shi ne ƙarar taya da kaɗawar ƙofar baya mai ɗauke da safaya, sai kuma wani gunaguni da ka san mutum ne yake magana amma ba ka san me yake cewa ba. Idan aka ƙara murya, gunagunin ne yake ƙaruwa, ba maganar ba.

An taɓa sa mana manya a gefen but, kusa da kafaɗar mai zama, sai abin ya koma wata matsalar: wanda ke kusa da ita kunnensa ɗaya yana ciwo, jariri ba ya barci, kuma idan aka naɗe kujerun sama sai su rufe sifikun ruf. Ni roƙona ga Alhaji shi ne, duk inda za a gwada, ya sa a kunna tafsiri, ya bar wani ya tuƙa, shi ya koma can baya ya zauna a kan hanya mai gargada, sannan ya yanke shawara.

Mai rewaya:

Hajiya ta kawo hujjar da ta fi tawa a kan bangon gefen but, amma bari in ƙara da abin da ke bayan robar, domin mutane suna ganin ta a shafe su ɗauka babu komai a ciki. A gefen da murfin tanki yake, bututun da ke kai mai cikin tanki yana bi ta wannan kusurwar. Akwai damin wayoyin da ke zuwa fitilun baya da abin goge gilashin baya. Akwai injin naɗe bel na kujera. A wasu motocin nan ne ma'ajiyar jak, a wasu kuma da ke da na'urar sanyaya ta baya, akwatinta da bututunta suna cikin ɗaya daga gefunan. Duk wanda zai yanka ba tare da ya cire bangon gaba ɗaya ya leƙa ba, caca yake yi da motar mutane. Haka nan mai huda daɓen but don ɗaure akwati, ya fara shiga ƙarƙashi ya ga inda tanki da bututun birki suke.

Ko an sami fili a ciki, robar kanta ba ta da ƙarfin riƙe sifika mai nauyi. 'Yan maɓallan roba ne suke riƙe da ita a jikin mota, kuma a motar da ta sha ranar Sakkwato shekara da shekaru sun bushe, da ka taɓa su sai su karye. Ka rataya mata maganaɗisu mai nauyi, ka bi da ita hanya mai ramuka, ba za a daɗe ba ramin sukurori zai buɗe, bangon ya fara kaɗawa tare da kiɗan. Idan dole sai nan, to a yanka katako a ɗaure shi a jikin ƙarfe ta ciki, sifikar ta zauna a kan katakon, robar ta zama murfi kawai. Aiki ne mai yiwuwa, amma kuɗin aikinsa zai iya fin kuɗin sifikun, kuma kamar yadda Hajiya ta ce, kujerun Alhaji idan an naɗe su a daidai wurin suke kwanciya.

Wani mai Pathfinder:

To me zai hana a kai su sama? Na ga wasu motocin jif na Amurka da ake jera wa sifiku a wani dogon akwati a jikin rufi. Daga sama ai babu ƙafa babu buhu da zai tare.

Malamin kimiyya daga Runjin Sambo:

Ta fuskar isar sauti, sama ta fi ko'ina, wannan babu musu. Abin da ke hana ni ba da shawarar rufi a garin nan shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yana haura digiri 40 a inuwa, kuma ƙarfen rufin motar da aka ajiye a rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Gam ɗin da ke riƙe faifan sifika da soson da ke zagaye da bakinta su ne suke fara mutuwa a irin wannan wuri. Bayan haka, tsakanin silin ɗin mota da ƙarfen rufi babu zurfi, sai an ƙera akwatin da zai sauko ƙasa, kuma wanda ke can baya dama kansa yana kusa da rufi. Ga masu motocin da aka ƙera daga baya kuma, wasu suna da jakar iska ta kariya a naɗe a gefen rufi da saman ginshiƙai, kuma ba a ɗaura komai a kan hanyar fitarta. Ta Alhaji ta 1998 ba ta cikin waɗannan, amma masu karatu suna da motoci iri-iri.

Tsaka-tsakin da nake gani shi ne ƙananan sifiku masu inci 4 a cikin 'yan ƙananan akwatuna rufaffu, a ɗaure su a ginshiƙan ƙarshe na baya, sama da kafaɗa, a karkata su zuwa tsakiyar mota maimakon kunnen na kusa. Ba za su ba da kauri ba, kuma ba a buƙatar su bayar.

Ɗalibin injiniya daga Gidan Igwai:

Idan haka ne an sasanta ke nan. A sa biyu a ƙofa don kujerar tsakiya, a sa ƙanana biyu a ginshiƙi don na can baya, a haɗa kowane gefe a kan waya ɗaya. Rediyon Alhaji ai an rubuta masa wat 50 sau huɗu, zai ɗauka.

Mai rewaya:

A nan ne rediyo da yawa suke ƙonewa, ƙanena, kuma kai da kake karanta lantarki ka san lissafin. Sifikar mota yawanci ohm 4 ce, ohm kuwa shi ne ma'aunin yadda take turje wa wutar da ke bi ta cikinta. Idan ka haɗa biyu kai da kai a kan waya ɗaya, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa, sun koma ohm 2, kuma yawancin rediyon mota an yi su ne don ohm 4 zuwa 8. Zai yi magana da farko, har ma ka ji ya fi ƙara, amma yana jan wuta fiye da ƙarfinsa, ya yi zafi a cikin dashbod ɗin da dama tanda ne, ya fara yankewa, wata rana ya yi shiru. Wat 50 da ke jikin kwali kuma ƙololuwa ce ta ɗan lokaci. Abin da irin wannan rediyo yake iya bayarwa a ɗore yana tsakanin 14 da 22 a kowane layi.

Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a jera su bi da bi, wato waya ta fito daga rediyo ta shiga ta ƙofa, ta fita ta shiga ta ginshiƙi, sannan ta koma. Haka sun zama ohm 8, rediyo yana hutawa, sai dai ƙarfin ya ragu kuma sun raba shi tsakaninsu. Wanda ya fi wannan shi ne ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai layi huɗu da za ta ɗauki na baya duka, kowace sifika da layinta, har a iya rage na ginshiƙi daban don kada su dami na kusa. Idan za a sa ta, wayar wutarta ta fito daga batir kai tsaye da fis a kusa da kan batir ɗin.

Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa: kada a ɗaure baƙar wayar sifika a jikin ƙarfen mota da sunan at, wato a bar wuta ta koma ta jikin motar. Tsofaffin rediyo na da can sun yarda da haka, na yanzu kuwa kowace sifika wayoyinta biyu dole su koma rediyo, in ba haka ba an kashe shi.

Kafinta daga Tudun Wada:

Tun da an ambaci zobe da akwati, bari in sa baki a kan katako. Masu aikin sauti suna son MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, saboda yana yankuwa sumul kuma ba ya kaɗawa, amma kada a sa shi tsirara a cikin ƙofa. Ruwan sama da na wankin mota suna bin gilashi su sauka cikin ƙofa su fita ta ƙananan ramukan da ke ƙasanta, kuma MDF da ya sha ruwa sau ɗaya kumbura yake yi ya saki sukurori. Damina a nan gajeriya ce, amma wankin mota kullum ne. A yi zoben da filawud mai kyau a shafe shi da fenti ko vanish ciki da waje, ko a nemi zoben roba da ake sayarwa. A kuma tsokane ramukan ƙasan ƙofar, domin ƙurar hunturu takan toshe su ta zama laka. Ledar da ke manne a bayan bangon ƙofa kuma a mayar da ita yadda take, ba ado ba ce.

Mai Prado daga Mabera:

Na gode ƙwarai, jama'a, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. An cire bangon ƙofofin, kuma maganar Oga ta tabbata a kan wadda ba ta magana: wayar ce ta karye a cikin robar ƙofa, ko da yake soson bakin sifikun biyu duk ya zama gari, da ka taɓa sai ya zube. Na sayi masu bakin roba maimakon soso, masu ƙaramar tiwita mai fitar da siririn amo a tsakiya, aka ɗaura su a kan zoben filawud, gilashi yana sauka har ƙasa lafiya. Na bi shawarar Hajiya, na ba ƙanena tuƙi na zauna a baya muka bi hanyar Bodinga. A kujerar tsakiya magana tana fita sarai. A can ƙarshe an samu sauƙi, amma da aka cika kujerar tsakiya da mutane sai ta koma dusashe, kamar dai yadda ɗalibinmu ya yi hasashe. Don haka zan ƙara ƙananan a ginshiƙi.

Sai dai na lura da wani abu. Idan na mayar da sautin baya zalla, na bar shi a tsakiya tsakanin hagu da dama, kaurin yana raguwa, amma idan na karkata shi gefe ɗaya sai ya dawo. Wannan daga sifikun ne ko daga rediyo?

Mai rewaya:

Ba daga ko ɗaya ba ne, Alhaji, an juya wayar gefe ɗaya ne, wataƙila a wurin da aka gyara wadda ta karye. Faifan hagu yana turawa lokacin da na dama yake janyewa, suna kashe wa juna kauri, irin abin da Malam ya bayyana. A bayan rediyon Pioneer koriyar waya ita ce ta baya hagu, mai ruwan shuni ta baya dama, kuma a kowace biyu mai baƙin layi ita ce ta komawa. Ka sa a zare su daga rediyo, a ɗauki ƙaramin batir na tocila mai volt ɗaya da rabi, a taɓa maras layin a kan batir, mai layin a gindinsa, taɓawa ɗaya a ɗauke. Faifan ya kamata ya yunƙuro waje. Gefen da ya shige ciki shi ne aka juya, sai a musanya wayoyinsa a bakin sifikar.

Ranar da za a sa na ginshiƙi a yi musu wannan gwajin kafin a rufe komai, kuma a ja wayarsu ta ƙarƙashin robar bakin ƙofa, nesa da layin da kujera take zamewa a kai. Idan bi da bi za ka jera su ba tare da amfilifaya ba, ka tura FAD ɗin rediyon, wato abin raba sauti tsakanin gaba da baya, zuwa baya kaɗan don cike ƙarfin da ya ragu, amma ka tsaya daidai inda kai da ke tuƙi kake jin muryar mai karatu tana fitowa daga gabanka.

Direban hanyar Illela:

Kuma a gwada naɗe kujerun can baya da buɗe ƙofar safaya kafin a huda ginshiƙin, Alhaji, a tabbatar akwatunan ba su tare bel ɗin kujera ba.